Abin da Ban Faɗa Masa a Hanyar Gwiwa Ba

Tun da yayana ya rasu, duk wanda ya zo mini ta'aziyya kusan magana ɗaya yake yi: Allah ya ji ƙan Kanar, ba a cika samun soja mai zumunci irinsa ba. Nakan amsa da amin, kuma ba ƙarya suke yi ba. Ya yi fiye da shekara talatin a aikin soja, ya zauna da matarsa lafiya har mutuwa ta raba su, ya tarbiyyantar da 'ya'ya shida da wata ta bakwai da zan zo kanta. Abin da ba na iya faɗa a kan tabarmar makoki shi ne, yawancin waɗannan shekaru na yi su ne ina kishinsa. Na daɗe ina neman wata kalma mai sauƙi da zan sa a wurin, ban samu ba.

Shi ne ɗan fari a ɗakinmu, ya girme ni da shekara biyar. Da aka yaye shi sai Kawu, yayan mahaifiyarmu, ya ɗauke shi riƙo zuwa Gwiwa. Kawu manomi ne mai 'yan shanu, a gidansa ana Hausa ana Fillanci, kuma tun daga ranar ba ya kiran yayana da komai sai "ɗana". Ni kuwa na tashi a Kazaure, a gaban Inna. Kamar yadda aka saba, Inna ba ta taɓa faɗin sunan ɗan farinta ba, ba ta zama hira da shi. In ya zo gaishe ta, a bakin ƙofa yake durƙusawa, ta amsa daga bayan labule da kalma biyu ko uku. In tana da saƙo, ni take kira ta ce in gaya wa "wancan". Wani zai ce ai ni ne na ci riba, tunda ni ke zama kusa da ita. Wataƙila haka ne. Amma ni ne kuma nake ganin yadda take ture kwanon tuwo a shekarun yaƙi duk ranar da rediyo ya ambaci sojoji, ban kuma taɓa ganin ta ture kwano saboda ni ba.

Ya shiga soja ba da daɗewa da samun 'yancin kai ba, daga makarantar sakandare. Ni na ci gaba har jami'a a Zariya, na dawo da digiri, aka ba ni aikin koyarwa a Kazaure. In ban yi kuskure ba ni ne na farko a unguwarmu da ya kai nan, ko da yake akwai wani da ake cewa ya riga ni, ban dai ga takardarsa ba. Na zaci za a yi maganar abin na ɗan lokaci. An yi ta kwana biyu. Daga nan tambayar da tsofaffi suke yi mini ita ce, ni kuma yaushe za a ba ni mota irin ta yayana, don lokacin kuɗin mai sun fara shigowa ƙasa, shi kuma ya kai manjo, yana zuwa gida da doguwar mota fara. Ni babur ne da ni.

A kan wannan babur ɗin na yi zumuncin gidanmu duka. Mahaifinmu ya riga ya rasu, don haka in an yi mutuwa a dangi a Roni, ni ne. In suna ne a Babura, ni ne. In wata gwaggo ta kwanta ciwo a ƙauyen Yankwashi, ni zan tashi daga makaranta in je in dawo kafin magariba. Ban tuna wanda ya taɓa yaba mini ba, kuma ina jin ba laifinsu ba ne, wanda ake gani kullum ba a lura da zuwansa. Yayana kuwa sau ɗaya yake samun hutu a shekara. Yakan ajiye kakinsa a bariki, ya sa farar riga da hula, ya ce in shiga gaba mu zaga dangi. Aikina a motar shi ne in gaya masa abin da ya faru bayansa: wa ya rasu, wa ya haihu, wa ya yi gobara, gidan wa za a yi ta'aziyya, gidan wa za a yi barka. Yana da kai, sau ɗaya ake faɗa masa abu. Sai ya shiga zaure ya cire takalmi ya durƙusa, ya yi gaisuwar da ta dace, har ya ambaci irin ciwon da mamacin ya yi. In mun fito sai in ji ana cewa, ka ga bawan Allah, yana can Kudu amma babu abin da ya shige masa duhu. Ni ina tsaye a gefe ina riƙe masa takalmi wani lokaci.

Ko a cikin gida haka ne. Yakan saɓa 'yarsa a wuya ya zaga da ita tsakar gida, ya fere wa yara rake da kansa, ya jera su ya koya musu yadda za su gai da Inna. Tsofaffin mata suna dariya suna cewa soja ya zama mai reno, amma dariyar so ce. Na taɓa gwada ɗaukar ɗan wata ƙanwarmu haka, yaron ya tsala ihu har sai da aka karɓe shi.

Babbar 'yar Kawu kusan sa'ar yayana ce, tare suka tashi a gida ɗaya. Tun da shi ɗan mace ne ita 'yar namiji, wasan taubasai ne tsakaninsu, kuma ba su bar shi ba har girma. Takan ce shi bawanta ne, galan ɗin da ke kafaɗarsa ma ita ta ba shi aro. Ta yi aure nan cikin Gwiwa, bayan kasuwa, kuma da ta ji ƙarar mota take tahowa gidan Kawu. Kowace shekara yakan kawo mata turmin atamfa, ta juya shi ta ce wannan ai na tsintuwa ne, ta ɓoye masa takalmi sai ya roƙe ta. Ni ma taubashinta ne, amma ni "Malam" take ce mini, ta gaishe ni da ladabi. Har wannan ma na ji shi a raina, ko da yake ban san abin da zan mayar mata ba da ta tsokane ni.

A wata damina ta rasu wurin haihuwa, ita da abin da ta haifa, ta bar yarinya 'yar shekara biyar. Ranar hanya ta lalace, sai da na tura babur a cikin taɓo kafin in isa. Na kwana uku a zauren Kawu ana karɓar gaisuwa. Da na dawo na ɗauko takarda zan rubuta wa yayana, Inna ta hana. Ta ce ba a aika wa mai riƙe da bindiga irin wannan labari a takarda, a bari ya zo a faɗa masa baki da baki. Na ga hujjarta, na bari.

Ya zo bayan an yi girbi, wata huɗu ko biyar da rasuwar. A wannan karon kwana biyu kawai aka ba shi, don za a sauya masa wurin aiki. Da hantsi suka iso shi da iyalinsa, ya sauke su, ya gai da Inna a bakin ƙofa, ko ruwa bai gama sha ba ya ce mu kama hanyar Gwiwa mu dawo da wuri. Ina fita Inna ta kira ni, ta rage murya.

"Ka faɗa wa wancan a hanya, kafin ku kai. Ka bi shi a hankali."

Na ce to.

Ina so in yi adalci ga kaina a nan, in dai zai yiwu. Da niyyar faɗa na shiga motar. Na ce bari mu fita gari tukuna, kada in faɗa a tsakiyar jama'a yana tuƙi. Da muka fita sai ya kama ba ni labarin babbar 'yarsa da ta zo ta ɗaya a aji, na ga bai kamata in katse shi ba. Na waiwaya na ga turmin atamfa a kujerar baya, shuɗi mai ganye-ganye, na ce to bari mu wuce Roni.

A Roni muka tsaya gai da tsohon hedimasta wanda ya koyar da mu duka biyu a lokuta daban-daban. Yana zaune a gindin darbejiya da wasu dattawa. Bai san da rasuwar Gwiwa ba, ko kuma ya manta. Ya riƙe hannun yayana ya ƙi saki, yana gaya wa dattawan cewa cikin duk yaran da suka bi ta hannunsa wannan ne kaɗai ba ya wuce ƙofarsa. Sannan ya dube ni yana murmushi ya ce mu 'yan jami'a sai dai a gan mu a kan babur kamar iska, mu koyi zumunci wurin soja. Mako uku kafin nan na kai masa maganin ciwon ƙafa har cikin ɗakinsa. Na yi dariya tare da kowa. Yayana ya ce ai Malam shi ne idonsa da kunnensa, amma ba wanda ya ji, ana ta dariya.

Daga Roni zuwa Gwiwa na gaya masa komai ban da abu ɗaya. Na faɗa masa wanda ya haihu, da wanda ya tafi Makka, da rigimar iyakar gona tsakanin maƙwabtan Kawu. Nakan ce a raina, in mun kai waccan kukar zan faɗa. Mu wuce ta, in ce in mun haye rafi. Na daɗe ina gaya wa kaina cewa tsoro ne ya hana ni, kuma akwai tsoron. Amma akwai wani abu a ƙarƙashinsa, kuma na san shi tun a lokacin. Ina so sau ɗaya tak a ga ya shiga gida bai san abin da ke ciki ba. Na ɗauka za mu tarar da mutane a ƙofa, wani ya riga ya yi masa ta'aziyya, ya ɗan daburce, a gane cewa ba daga sama yake sanin abubuwa ba. Iyakar abin da na hango ke nan, ko kuma iyakar abin da na yarda in hango.

Ranar kasuwa ce, babu kowa a ƙofar gida. Kawu na zaune shi kaɗai a zaure yana tufkar igiya. Yayana ya yi sallama da atamfar a hammata, ya durƙusa ya gaishe shi da fara'a, sannan ya ɗaga murya wajen cikin gida kamar yadda ya saba.

"Ina uwargijiyar tawa? Yau ba ta ji mota ba ne, ko girman kai ne ya ƙaru? A gaya mata bawa ya iso da kaya."

A ciki ana daka. Sai taɓarya ta tsaya. Can muka ji kukan Goggo, matar Kawu, wadda ta rene shi. Kawu ya ajiye igiyar a kan cinyarsa ya dube shi.

"Ba a gaya maka ta rasu ba?"

Ina tsugune a bayan yayana, ina kallon wuyansa. Na jira ya juyo. Bai juyo ba. Cikin numfashi biyu ya zare hularsa ya riƙe a hannu.

"An gaya mini, Kawu. Bakina ne ya saba. Ku gafarce ni."

Kawu ya ce to, aikin gwamnati da yawa, dole a manta wasu abubuwa. Yayana ya yi ta'aziyya, Kawu ya amsa a gajarce. Sai ya juya gare ni yana tambayar ɗalibai da lafiyar Inna, ya ce ba zai manta kwana ukun da na yi da su ba. Yayana ya nemi a nuna masa kabarin, Kawu ya ce ƙaninka ya san wurin. Atamfar kuma ya ce a koma da ita a ba mai ɗakinsa. Da za mu tafi Goggo ta aiko da kwalbar man shanu, wadda kowace shekara ta yayana ce. Kawu ya karɓa ya miƙo mini.

Ni na yi masa jagora zuwa maƙabarta. Ya tsaya a kan kabarin ya yi addu'a mai tsawo, ya share fuska da hular. Ban taɓa ganinsa haka ba, na kawar da kai. A mota na shirya jin duk abin da zai faɗa, har ina jin da ya mare ni da na fi samun sauƙi. Sai da duwatsun Kazaure suka bayyana ya ce, ba tare da ya dube ni ba, daga yau in riƙa rubuta masa a takarda. Shi ke nan. Bai sake tayar da zancen ba har ya bar duniya.

Na yi ta tunanin abin da ya sa ya amsa wa Kawu haka. Na taɓa jin yana gaya wa wani cewa in na ƙasa da shi ya yi kuskure a gaban baƙi, shi ke amsawa, in an koma gida a yi maganar. Ina jin abin da ya yi ke nan, ba tare da ya tsaya tunani ba. Sai dai ni ba kurtunsa ba ne, kuma ba a taɓa yin maganar a gida ba.

Bayan 'yan kwanaki labari ya iso wa Inna daga Gwiwa. Ta kira ni ta tambaye ni ko na faɗa wa wancan kamar yadda ta ce. Na ce na faɗa. Na san ba za ta iya tambayarsa ba, ko da zai zauna a bakin ƙofarta shekara guda. Ta ce Allah ya kyauta. Wannan ƙaryar ta fi ta motar nauyi a wurina, don a motar shiru kawai na yi.

Shekara uku aka yi a haka. Yayana bai fasa zuwa Gwiwa ba, yana durƙusawa inda ya saba, amma Kawu ya daina ce masa "ɗana", sai "Manjo". Nakan rubuta masa takardar kowane zuwa, ya karanta ta a tsaye kafin ya tayar da mota, ya ce madalla. Man shanu ya zama nawa. Kawu ya fara aiko mini in zo mu yi shawara a kan takin zamani da allurar shanu. Zai fi kyau in ce abin bai yi mini daɗi ba, amma ya yi. Na ji daɗin a kira ni. Abin da ban yi tsammani ba shi ne kishin bai ragu ba, ƙaruwa ya yi. Da ina ganin sa'a ce kawai ya fi ni, da mota da kaki. Yanzu na ga ya yi abin da na san ni ba zan iya ba, kuma ya yi shi cikin numfashi biyu.

A shekara ta biyu ya roƙi Kawu ya ba shi yarinyar da marigayiyar ta bari, ya riƙe ta tare da 'ya'yansa ya sa ta makaranta, kamar yadda shi ma aka riƙe shi. Uban yarinyar ya bar magana a hannun Kawu. Kawu ya ce a bari tukuna. A shekara ta uku ya sake roƙo, aka sake ba shi amsa ɗaya. Na ga yadda ya tsaya a ƙofar gida yana kallon yarinyar tana kora awaki, sannan ya shiga mota.

Bayan tafiyarsa da kamar wata guda Kawu ya aiko in zo. Na same shi a zauren nan, da igiyarsa. Ya ce ya tsufa, Goggo ma ƙafa ta fara ba ta wahala, yarinya kuma ta isa shiga makaranta har ta fara wucewa. Ya ce ba zai ba Manjo ba, don wanda ya manta uwa cikin wata biyar, bai san abin da zai manta game da 'ya ba. Ya yanke shawara ni zai ba, tunda na yi aure a wannan shekarar.

Na ce ya ba ni mako guda in yi shawara da iyali. Matata ta ce tana so, babu abin shawara. Ni ne na kasa cin abinci. Na auna abin ta kowace fuska, kamar yadda na saba. Na ce ai ni ma zan riƙe ta da kyau, ni malami ne, kuma Kazaure ta fi kusa da kakanninta. Duk gaskiya ne. Amma duk lokacin da na hango yarinyar a tsakar gidana, sai in ga kullum da safe zan riƙa amsa gaisuwarta ina sane da yadda aka yi ta zo. Ban tabbata tsoron Allah ne ya mayar da ni Gwiwa ba. Mai yiwuwa tsoron wannan gaisuwar ce.

Na fara da doguwar shimfiɗa, ina cewa ɗan Adam ajizi ne, kuma akwai abubuwan da in aka dube su ta wani gefe za a ga ba haka ake nufi ba. Kawu ya saurara har ya gaji.

"Malam, ba a aji kake ba. Faɗi abin da ya kawo ka."

"Kawu, ranar nan ba a gaya masa ba. Ni Inna ta sa in faɗa masa a hanya, ban faɗa ba."

"Mantawa ka yi?"

Ƙofa ce ya buɗe mini, kuma na kusa shiga. Na ce a'a, ban manta ba.

Ya ci gaba da tufka. Ya tambaye ni ko yayana ya taɓa yi mini maganar, na ce bai taɓa ba. Ya tambaya ko ya gaya wa matarsa, na ce ban sani ba, amma ban ga alama a fuskarta ba. Bai tambaye ni dalili ba, kuma har yau ban san ko don ya gane ba ne ko don bai damu ya sani ba. Ya ɗaga murya ya yi wa Goggo magana da Fillanci, wanda ba na ji sosai. Na dai tsinci kalmar ɗa a ciki. Sannan ya ce ko ina da biro.

Na yage takarda daga littafin da nake shirya darasi. Ya ce in rubuta, zuwa ga ɗana. Na rubuta. Wasiƙar ba ta da tsawo: gaisuwa, da cewa ya zo ya ɗauki 'yarsa duk ranar da ya samu dama, da cewa shanu lafiya, ruwa ya yi kyau bana. Babu maganar abin da ya wuce. Na karanta masa sau biyu. Ya karɓa ya ninke, ya tashi da kyar ya ce in jira shi. Ta ƙofar zaure na hango shi ya nufi ɗakin shan magani, inda malamin asibiti yake. Sai da wancan ya karanta masa ya ji daidai ne, sannan ya dawo ya ba ni in kai gidan waya. Ban ga laifinsa ba. Na hau babur na dawo, babu kwalba a jakata, kuma ba a sake ba ni ba.

Kawu ne ya gaya wa Inna gaskiyar, ba ni ba. Ba ta ce mini komai ba, ta dai yi kwanaki ba ta aike ni ba. Da yayana ya zo ɗaukar yarinyar ya durƙusa a bakin ƙofa, na ji ta amsa gaisuwarsa, sannan ta ƙara tambayarsa hanya, ta sake tambayar ko ya ci abinci. A iya sanina ba ta taɓa yi masa magana mai tsawon haka ba. Ina tsakar gida ina ji, kuma abin nan ya motsa mini kamar kullum.

Na riga na shirya masa takardar, shafi biyu, na duba ta sau uku kada in tsallake kowa. Da muka shiga mota na miƙa masa. Ya ninke ta ya sa a aljihu bai buɗe ba, ya tayar da mota.

"Bar takardar nan, Malam. Faɗa mini a hanya."

Na faɗa masa komai tun kafin mu fita gari, har da akuyar wata gwaggo da ta faɗa rijiya. Ya yi dariya ya ce ko ita ma za mu je ta'aziyya. A Gwiwa Kawu ya taso har ƙofar gida ya tarye shi. Da za mu dawo yarinyar na kujerar baya da ƙullin kayanta, kwalbar man shanu a gefenta.

Ita ce 'ya ta bakwai da na ambata. Ta yi karatu, ta zama malamar jinya, yanzu har da jikoki. Ranar addu'ar uku ta yayana ta zo ta durƙusa a gabana, idonta ya kumbura. Ta ce cikin takardun Baba sun ga wasiƙar da Kaka ya aika a kanta, ta gane rubutuna. Ta ce Baba ya sha gaya musu cewa shekara biyu yana roƙo ba a ba shi ita ba, sai da na je Gwiwa da kaina na yi magana. Ta ce ba ta taɓa yi mini godiya ba, Allah ya saka da alheri.

Ban samu kalma ɗaya ta ƙarya a cikin abin da ya gaya musu ba, na duba. Na buɗe baki in ba ta sauran labarin, sai wasu baƙi daga Babura suka yi sallama, ta tashi ta ba su wuri. Na amsa musu gaisuwa, suka zauna suka fara cewa ba a cika samun soja mai zumunci irinsa ba. Na ce haka ne. Na yi niyyar in kira ta bayan arba'in in gaya mata, an yi arba'in ɗin tun watan jiya.